Hattara da masu damfara da sunan gyaran dok ɗin kyamara a Ikeja

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar ɗaukar bidiyo a Legas, musamman na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da duk wanda ke da tsohuwar kyamarar bidiyo ta Sony Handycam a gida cike da bikin aure ko walimar saukar karatu. Akwai wata damfara da ke cin mutanenmu a bakin kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Kuɗin da ake cinyewa da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne bidiyon da ake gogewa, wanda ba za a sake ɗaukarsa ba har abada.

Wasu kyamarorin Sony da suka fito a 2007, irin su DCR-SR42 da SR62 da SR82, ba su da ƙofar USB a jikinsu. Ƙofar tana jikin ɗan mazaunin da ake ɗora kyamarar a kai, wanda muke ce wa dok. Idan dok ya mutu ko ya ɓace, bidiyonka na nan daram a faifan cikin kyamara, hanyar fito da shi ce kawai ta toshe. An kuma daɗe da daina ƙera wannan dok, sai dai na hannu. Wannan ƙarancin, da ruɗewar mai kaya, su ne jarin ɓarayin.

Kana sauka daga mota ka doshi layin Otigba, ɗan kayi-nayi zai tare ka. Wani ma da Hausarsa raɗau, ya ce maka "ɗan uwa, me kake nema?" don hankalinka ya kwanta. Ba shi da shago. Zai ja ka lungu wajen wani mai teburi, a ɗora kyamara a kan wani dok, a girgiza kai, a ce faifan ciki ne ya ƙone, sai an yi aikin ceto bayanai, ka ba da kafin alƙalami ka dawo gobe. Haka aka yi wa wani abokin sana'ata da ya je da bidiyon ɗaurin auren ƴar maigidansa. Ya koma aka ƙara masa kuɗi, ya sake komawa aka ce mai aikin ya yi tafiya. Da ƙyar ya karɓo kyamarar, sai ya tarar an yi mata fomatin, wato an goge duk abin da ke cikinta, an kuma musanya masa batir da jabu. Yanzu da wane ido zai kalli Alhaji da iyalinsa?

Akwai kuma na intanet. Za ka ga talla a Facebook ko a guruf ɗin WhatsApp, hoton dok sabo fil a kwali, a ce ka yi turansfa a aiko maka da ɗan acaba. Ko dai lambar ta daina shiga, ko a kawo maka dok ɗin wani samfuri da haƙoransa ba su dace da kyamararka ba.

Kafin ka yarda dok ya mutu, gwada shi a gida. Ka jona cajar kyamarar a jikin dok ɗin, kada ka dogara da batir. Cajar asali tana ba da bolt 8.4. Ka canza wayar USB, domin sau da yawa ita ce ta karye daga ciki. Ka duba haƙoran ƙarfen da ke haɗa kyamara da dok, laimar Legas na sa su datti da tsatsa, ka goge su a hankali da auduga da ɗan sifirit bayan ka cire wuta. Sannan ka kalli allon kyamarar, don takan tambayi irin haɗin da kake so, in ba ka taɓa alamar kwamfuta ba, laftof ba zai gan ta ba. Ka gwada wata kwamfutar ma.

In duk bai yi ba, hanya mafi sauƙi ita ce aro. Tambayi abokan sana'a wa ke da irin kyamararka, ka je da laftof ɗinka ka kwashe a gabansa. In babu, kyamarar na da mafitar hoto da sauti, wayar nan mai kawuna uku, rawaya da fari da ja. Akwai ƴar na'ura mai sauƙin kuɗi da ke karɓar waɗannan kawunan ta shigar da hoton kwamfuta ta USB. Gaskiyar magana hoton zai ɗan rage kyau, kuma bidiyon awa biyu sai ka zauna awa biyu yana tafiya, amma ka tsira da abinka. Hanya ta ƙarshe, a buɗe kyamarar a ciro faifan, ɗan ƙarami ne mai inci 1.8, a haɗa shi da kwamfuta ta adafta. Fayilolin MPG ne a cikin folda mai suna MP_ROOT, kwafewa kawai ake yi. Wannan aikin ƙwararre ne, amma a yi shi kana tsaye. Duk wanda ya ce sai ka bar kyamara ta kwana, ɗauki kayanka ka tafi. Kuma ko kwamfuta ce da kanta ta nemi a yi fomatin, kada ka amsa.

Masu kyamarar kaset ta MiniDV, ku ma kuna cikin lissafinsu. Ana sayar da wata siririyar waya, kai ɗaya USB ɗaya FireWire (irin ƙofar da kyamarar kaset ke fitar da bidiyo ta ita), a ce za ta kwashe bidiyo. Ba ta yi, don tsarin biyu ba sa fahimtar juna, tana ma iya ƙona ƙofar kyamarar. Abin da ake buƙata kwamfuta ce mai ƙofar FireWire ta gaskiya.

Idan sayen dok ya zama dole, ka shiga shago mai lamba da suna, ka je da kyamararka da laftof, ka ga fayil ya kwafu kafin kuɗi ya bar hannunka, ka karɓi rasit. Wanda aka riga aka cuta, don Allah kada ya yi shiru saboda kunya. Ya adana shaidar turansfa da hirar WhatsApp, ya kai kuka ofishin ƙungiyar ƴan kasuwar, wato CAPDAN, ko hukumar kare masu saye ta jihar Legas, LASCOPA, ko ta tarayya, FCCPC. Ku tura wannan saƙo guruf-guruf na masu ɗaukar biki kafin hidimomin bayan salla su kankama.