Kafin ku biya kuɗin karatun likitanci, ku tambayi wace manhaja makarantar ke bi

Duk shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito hirar ɗaya ce a gidaje, ina za'a kai yaro ya karanta likitanci ko aikin jinya, jami'ar gwamnati ko ta kuɗi, ko kuwa dangi su haɗa hannu a tura shi Masar ko Indiya ko Yuganda. Ana tambayar kuɗin makaranta, ana tambayar ɗakin kwana da tsaro, duk daidai ne, amma da wuya kaji uba ko uwa sun tambayi yadda ake koyarwar ita kanta, wato manhajar da makarantar ke bi, alhali ita ce ainihin abinda kuke saya da miliyoyin nan. Shekara 6 fa ɗalibin likitanci zai yi a cikinta, kuma ita zata yanke ko zai fito ya iya duba mara lafiya ko kuwa hadda kawai ya sha.

Abu ɗaya dai kafin komai, in makaranta bata da amincewar MDCN, wato hukumar likitoci ta Najeriya, ko hukumar nas-nas da ungozoma ga masu jinya, to maganar manhaja ma bata taso ba, ku wuce kawai. Ku kuma tambayi adadin ɗaliban da hukuma ta yarje musu su ɗauka da kuma adadin da suka ɗiba a zahiri, don in sun zarce kwota yaranku ne zasu sha wahala wajen rijista. Wanda ya yi karatu a waje kuma sai ya zauna jarabawar MDCN kafin ya samu lasisi a Najeriya.

To yanzu ga kayan da ke kasuwa. Mafi yawa a jami'o'inmu shine tsohon tsari, wanda asalinsa ke komawa ga rahoton Abraham Flexner na 1910, mutumin da ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada ya ce yawancinsu basu cancanta ba, a koma irin na jami'ar Johns Hopkins, a fara da kimiyya zalla sannan a shiga asibiti. Shine abinda muke gani, aji biyu da aji uku ana fama da anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, wato ƙirar jiki da yadda yake aiki da sinadaran cikinsa, kowane fanni da sashensa da lakcarorinsa, a feɗe gawa a lab, ayi babbar jarabawar nan ta MB da ke tankaɗe ɗalibai, sai a aji huɗu yaro zai fara shiga wod, ɗakin kwantar da marasa lafiya, sosai. Kada wani ya ce muku tsarin banza ne, ya fitar da manyan likitoci a makarantar Ibadan da aka buɗe a 1948 da ta Zariya da aka buɗe a 1967, baya cin kuɗi da yawa don lakcara ɗaya zai iya tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyu, kuma yaro ya san abinda ake so ya karanta babu ruɗani. Matsalarsa mantuwa ce. Eugène Custers na jami'ar Utrecht ta Holan ya tattara binciken da aka yi kan wannan a 2010, ya samu cewa bayan shekara ɗaya abinda ke saura a kan ɗalibi na kimiyyar da ya koya kamar kashi biyu cikin uku ne zuwa uku cikin huɗu, shekara ta biyu kuma ya faɗo ƙasa da rabi kaɗan. Kenan jijiyoyin da yaro ya hana idonsa barci a kansu a aji biyu, lokacin da zai tsaya gaban mai shanyewar ɓarin jiki a aji biyar wasunsu sun gudu.

Wannan ciwon ne yasa jami'ar Western Reserve da ke Cleveland a Amurka ta fito da haɗaɗɗiyar manhaja a 1952. Maimakon fanni-fanni sai a bi sassan jiki, makonni kaza zuciya ce kawai, ga ƙirarta, ga yadda take aiki, ga yadda hawan jini ke lalata ta, ga maganin, ga kuma mara lafiyar ka gani da idonka. Akwai gwajin da Nicole Woods da abokan aikinta suka yi a Kanada a 2005 da nake ganin ya kamata duk mai tsara manhaja ya sani, ɗalibai kashi biyu, an koya ma wasu alamomin cuta kawai, wasu kuma an haɗa musu da dalilin da ke jawo alamomin, nan take duk sun yi kunnen doki amma bayan sati ɗaya waɗanda suka san dalili sune basu zube ba wajen gano cutar. Sai dai a nan ake yawan yin algus, makaranta zata rubuta "haɗaɗɗiyar manhaja" a ƙasidarta alhali abinda tayi kawai shine ta jera lakcocin a sati ɗaya, mai anatomi bai ma san me mai fiziyoloji ya faɗa jiya ba. Ronald Harden na jami'ar Dundee ta Birtaniya ya kasa haɗewar manhaja zuwa matakai 11 a shekarar 2000, kuma jera lakcoci a lokaci ɗaya yana can ƙasa-ƙasan tsanin ne.

Sai wanda ake ta talla da shi, PBL, koyo ta hanyar warware matsala. Jami'ar McMaster a Kanada ce ta fara shi a 1969, Maastricht ta Holan ta ɗauka a 1974. Ɗalibai takwas zuwa goma a ɗaki da malami ɗaya mai jagora, a basu labarin mara lafiya, misali yarinya 'yar shekara uku da zazzaɓi da jijjiga, su da kansu zasu zaƙulo abinda basu sani ba, su watse su je su karanto, su dawo bayan kwana biyu ko uku su tattauna. In ka ji bayaninsa sai ka ce ai shikenan an gama, amma binciken bai kai zaƙin tallar ba. A 1993 an buga manyan nazari guda biyu, na Albanese da Mitchell da kuma na Vernon da Blake, dukkansu sun samu cewa ɗaliban PBL sun fi jin daɗin karatunsu kuma a aikin asibiti suna daidai da sauran ko su ɗan fi su, amma a jarabawar kimiyyar tushe suna ɗan yin ƙasa. Colliver a 2000 ya fito ƙarara ya ce ribar da ake gani bata kai yawan kuɗi da malaman da tsarin ke ci ba. Koh da abokansa daga Singafo a 2008 sun duba likitocin bayan sun gama, suka samu bambancin a wajen iya magana da mara lafiya, da jure rashin tabbas, da ci gaba da neman ilimi da kai, ba wai a yawan sani ba. Kirschner da Sweller da Clark kuma a 2006 suka ce sabon shiga da bai da tushe in aka sake shi ya nemo da kansa kansa ne zai ɗau zafi, yana buƙatar a riƙe masa hannu tukuna.

Wannan na ƙarshen shi yafi damuna game da yaranmu. Ɗalibin McMaster sai ya yi shekaru a jami'a kafin a ɗauke shi, namu kuwa ɗan shekara 17 ko 18 ne da ya taso da kwafar allo da haddar tsofaffin tambayoyi. Gaskiya ne Maastricht ma daga sakandare take ɗauka, amma kowane zama yana da matakai bakwai da ake bi, an horar da masu jagora, ga laburare a cike, ga jarabawar auna ci gaba sau huɗu a shekara da ke tona wanda ke baya tun da wuri. Makarantar da ta ce PBL take yi amma rukuni ɗaya mutum talatin ne, mai jagora yau ya zo gobe bai zo ba, ba wuta ba intanet, wallahi gara tsohon tsarin lakca sau goma, aƙalla can wani ya tsaya ya koyar.

Akwai kuma manhajar da ke fitar da ɗalibi cikin al'umma, ni kam ita tafi kwanta min ga wanda zai dawo ya yi aiki a garuruwanmu. Ibadan ta fara shirin kai ɗalibai karkarar Ibarapa tun 1963, Ilori tana da COBES inda ɗalibai ke zuwa ƙauye su zauna tun a azuzuwan farko, jami'ar Gezira a Wad Madani ta Sudan da ta Suez Canal a Isma'iliyya sun ginu kan wannan tun ƙarshen shekarun 1970, jami'ar UDS ta Tamale a Gana kuma ta haɗa PBL da zaman ƙauye tun 2007. Yaro zai ga maleriya da tamowa da doguwar naƙuda a inda ba na'urar hoto ba ƙwararre a kusa, ya san rijiyar da garin ke sha, ya koyi yadda ake gaida mai gari kafin a fara rigakafi. Masu tsoron cewa karatu zai yi rauni su duba abinda ya faru a jami'ar Flinders ta Ostireliya, binciken Worley na 2004 ya nuna ɗaliban da suka yi shekara guda a karkara sun fi na babban asibitin birni cin jarabawa. Hukumar lafiya ta duniya ma a shawarwarinta na 2010 ta sa horo a karkara da ɗaukar 'ya'yan karkara cikin hanyoyin da ke sa ma'aikacin lafiya ya zauna a can. Illarsa dai in ba malami mai bibiya sai ya koma yawon buɗe ido, a je a cika fom a dawo, sannan a halin da ake ciki dole ku tambayi wane ƙauye ake kai su kuma ya hanyar take. Sudan kuwa tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya sa aka kwaso ɗalibanmu, lissafinta ya canza gaba ɗaya.

Zaku kuma ji ana cewa manhaja mai dogaro da ƙwarewa. Wannan ba kishiyar sauran bace, ana ɗora ta a kan kowanne, ma'anarta ba'a yaye ka don ka cika shekaru sai ka nuna ka iya. George Miller ya jera abin hawa huɗu a 1990, ka sani, ka san yadda ake yi, ka nuna, sannan ka yi shi a kan aiki, jarabawar takarda hawa biyun farko kawai take aunawa. Shi yasa jarabawar gwajin aiki ta OSCE da Harden ya fito da ita a 1975 take da muhimmanci, ɗalibi na zagaya tashoshi, nan ya auna hawan jini, can ya ɗauki bayanin ciwo, gaba ya sa robar ƙarin ruwa, malami na tsaye yana bada maki. Ga masu neman makarantar jinya da ungozoma wannan ma yafi komai, ku tambayi haihuwa nawa ɗaliba ke karɓa da hannunta kafin ta gama, kuma littafin da ake sa hannu ana sawa ne bayan an gani ko a ofis ake sa shi gaba ɗaya ranar ƙarshe.

In ni za'a tambaya, ga yaron da ya fito daga sakandarenmu kai tsaye, zan zaɓi makarantar da ta haɗa, lakca mai kyau a farko, fannoni a haɗe bisa sassan jiki, zaman rukuni sau ɗaya ko biyu a sati, shiga asibiti tun aji biyu ko da yini ɗaya ne, da zaman ƙauye mai malami. In hakan bai samu ba to tsohon tsari a jami'ar da ke da asibitin koyarwa cike da marasa lafiya yafi sabon tsari a ginin gilas da gadajensa ke wayam. PBL zalla sai yaron da ke iya karatu ba wanda ya tsaya a kansa, a makarantar da ke da malaman da zasu iya riƙe shi. Mai fita waje kuma ku yi tunanin yare, lakca na iya zama da Turanci amma mara lafiyar Alƙahira Larabcin Masar zai yi, in yaro baya ji kallo kawai zai yi ta yi a wod.

Tsarin manhajar jami'o'i na CCMAS da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhaja ta tsara da kanta, don haka kuna da damar tambayar me suka zuba a ciki. Kuma kada ku tsaya kan maganar ejan ko ƙasidar talla, ku nemi ɗalibin aji biyar na makarantar, ku ce ya nuna muku jadawalin lakcar aji biyu da takardar jarabawar bara, ku tambaye shi su nawa ke zagaye gadon mara lafiya ɗaya lokacin zagayen safe, da kuma ranar da ya fara taɓa cikin mara lafiya da hannunsa malami na kallonsa.