Gyaran Kunamar Bindigar Toka: Yadda Na Ga Aikin Wani Maƙeri a Zariya

Bindigar tokar da na gada daga mahaifina irin ta ƙanƙara ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma ban cika fito da ita ba sai lokacin farauta bayan an kawar da amfanin gona. A ƙarshen daminar bana ta fara nuna halin da ya tayar mini da hankali: wani lokaci idan na ɗana ta sai hannun da ke riƙe da ƙanƙara ya suɓuce ya faɗa tun ban taɓa kunama ba, wani lokaci kuma kunamar ta ƙage, sai na ja da ƙarfi. Ko ta faɗa daidai, tartsatsin da take bayarwa bai kai ya kama albarushin da ke cikin ɗan kaskon da ke gefen bututun ba.

Na kai ta wurin wani dattijon maƙeri a cikin birnin Zariya. Kafin ya karɓa sai da ya nemi ganin lasisina, ya kuma nuna mini takardar izininsa, domin dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin waɗanda ba a mallaka ko gyarawa sai da izinin 'yan sanda. Daga nan ya zura sandar ɗuri cikin bututun, ya auna ta da tsawonsa daga waje, don ya tabbatar babu tsohon ɗuri a ciki, duk da na gaya masa babu. Wannan kaɗai ya sa na saki jiki da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi gaggawar ɗaukar magagari ba. Ya kwance farantin ƙarfen da ke gefen bindigar, wanda duk kayan tashin wuta suke jikinsa, ya ɗana shi a hannu ya saki sau da yawa, sai ga shi yana aiki ba tare da ƙagewa ba. Nan ya gane cewa rabin laifin na itace ne: ƙotar ta sha danshin damina ta kumbura, tana matse ɗan ƙarfen da kunama ke turawa, ni kuma na ƙara tsananta abin da na ɗaure kusar farantin fiye da kima. Ya shafa baƙin hayaƙi a jikin ƙarfen, ya mayar, ya sake cirewa, sannan ya kankare itacen a inda baƙin ya taɓa kawai. Suɓucewar kuwa daga haƙorin da ke shiga gurbi ya riƙe hannun ne, bakinsa ya cinye, ga dattin albarushi da tsatsa sun cike gurbin. Ya wanke, ya daidaita bakin haƙorin a hankali, ya sake ba shi tauri da wuta. Haka ya yi wa ƙarfen ƙyastun da ƙanƙara ke sara, wanda fuskarsa ta yi laushi, shi ya sa wuta ta ragu.

Da na roƙe shi ya sassauta mini kunamar sosai, sai ya ce: "Ɗana, ba zan yi ba. Kunamar da ta cika laushi, gungume kaɗan za ka yi tuntuɓe da shi a daji ta tashi, kuma ba kai kaɗai kake tafiya ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba," domin na san mutanen da ke gabana a layin farauta.

Inda na ga gazawa shi ne alkawari. Ya ce mako ɗaya, aikin ya kai mako uku, na yi zirga-zirga sau biyu a banza, kuma ba ya rubuta wa mai kaya wata shaidar karɓa, abin da bai dace da mai riƙe makaman mutane ba. Kuɗin aikin dai bai yi tsada ba, kuma bai sa na sayi abin da ba na bukata ba, in ban da sabuwar ƙanƙara da 'yar fatar da ake naɗe ta da ita.

Tun da na karɓo ta na fita da ita sau huɗu, tana tsayawa daram a matakin ɗanawa na farko da na biyu, kuma wuta ba ta ƙi kamawa ba ko sau ɗaya. Mai niyyar kai masa tasa ya kai tun kafin kaka, ba ana gobe farauta ba.