Jinyar aikin baya a Ingila, ga yadda abin yake Yaya

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya karfin jikin Baba? Duk na ga sakonninku, Allah ya bar zumunci. Jiki Alhamdulillah, ciwon nan dake taso min daga kugu ya sauka har dan yatsan kafa ya lafa sosai tunda suka cire abinda ke danne jijiyar. Kace tunda likita ya fara yiwa Baba zancen aiki shima in fada muku yadda jinyar take a nan, to gashi.

Maganar kudi tukuna, dan naji ana ta cewa a Ingila asibiti kyauta ne. Eh ranar aikin ko sisi ban ciro ba, amma mai irin bizata yana biyan kudin lafiya fam 1,035 duk shekara tun 2024, kuma gaba daya ake karba kafin a buga maka bizar, banda harajin da ake zaftarewa a albashi. Sannan akwai layi, a ka'idar NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatinsu, mako 18 ne tsakanin a turaka wajen kwararre da a fara maka magani, amma jerin masu jira a Ingila ya haura miliyan 7. A gida kuwa in kudinka na hannu galibi rana kawai za'a sa maka, matsalar dai kudin.

Magani kowane daya da likita ya rubuta fam 9.90 ne a kemis, mai tsada da mara tsada duk daya, a Scotland ma basa biya. Farasitamol bai kai fam daya ba amma kwaya 16 ne a kwali kuma kanti bazai saida maka fiye da kwali biyu ba ko zakayi kuka. Mai karfi irin kodin din da suka bani sai da takarda, kuma wallahi yana daure ciki ba kadan ba, dole suka hada min da na saukaka bayan gida, dan yunkuri da sabon dinki a baya ba wasa bane.

Abinda yafi burgeni kayan da aka kawo gida ne, kuma aro ne in ka warke su dauke abinsu. Akwai abinda ake dorawa kan masai ya kara tsawo, da kujerar zama a wajen wanka, da wata sanda mai baki kamar awartaki da kake dauko abu a kasa ba sai ka sunkuya ba, har abin saka safa akwai. Na kallesu nace wadannan ai duk kafinta da mai walda na unguwarmu zasu hada a yini daya. Dan Allah in dai za'ayi wa Baba aiki ku fara da bandaki, masan tsugunne bazai yiwu ba sam, a samu kujera mai karfi a huda tsakiyarta, a daga katifarsa daga kasa zuwa gado, sallah kuma a kujera har likita ya bada izini.

Amma inda nake so ku saurareni da kyau shine maganar kwanciya. Mu a gida in akace anyi wa mutum aiki shikenan, kwanta kar ka motsa, a kawo maka ruwa a kawo kunu, wata guda yana shimfide. Nan ko kwana banyi ba mai gashin kashi tazo tace tashi, ta koya min mirginawa gefe in sauko da kafafu in tura da hannu, aka sani tafiya har hawa bene kafin sallama. Dalilinsu kwanciya tana sa jini ya daskare a kafa, tsoka kuma tayi rauni. Tafiya kadan kadan kullum, banda daukar nauyi, banda sunkuyo da murda jiki, banda dogon zama. Na san Inna bazata yarda ba, zata ce rashin tausayi ne, ku lallabata.

Sun kuma ja min kunne, in fitsari ya ki fita ko ya kwace, ko tsakanin cinyoyi ya mutu baka jin tabawa, ko kafa ta saki, ba'a jiran gari ya waye, asibiti kai tsaye. Wannan ku rubuta ku ajiye.

Inda gida ya fi su nesa ba kusa ba shine mutane. Nan babu mai jinya dake kwana a gefen gadonka, ka dawo gida kuma madam ta tafi aiki yara makaranta, sai kai da bango. Kudin da doka ta wajabta a biya ma'aikaci in bashi da lafiya fam 118.75 ne a mako a 2025, ko hayar daki bai biya ba, shi yasa ba wanda zai ajiye aikinsa ya zauna da kai. Yan masallacinmu sun kyauta, sukan leko ranar Asabar da farfesu, amma sai an bugo waya an tambayeka ko kana da lokaci, dubiya ma da alkawari.

Ka turo min takardar hoton bayan Baba na MRI da abinda likitan na asibitin kashi na Dala ya rubuta, sai muyi waya bayan isha'i na lokacinku. A gaida Inna da su Hajiya.