Gidan hayar da muka kama a Dokki lokacin jinyar Hajiya

A farkon watan Yuni na 2024 na kai mahaifiyata Alƙahira domin a yi mata aikin canjin gwiwa, tare da ƙanwata wadda za ta riƙa kula da ita. Likita ya ce mu yi shirin zaman mako shida saboda gashi da koyon tafiya bayan aikin, don haka maganar masauki ce ta fi cin raina tun kafin mu bar Kano. Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya Masar ya san zaɓin bai wuce uku ba: ko otal, ko ɗaki a wajen ɗalibanmu na Azhar a unguwar Hayyul Ashir, ko kuma gidan haya mai kaya a ciki, wanda mutanen can suke kira shaƙƙa mafrusha. Hayyul Ashir ta yi nisa da asibitin, wanda yake tsallaken kogin Nilu ta ɓangaren Giza, otal kuwa sai mun kama ɗaki biyu, tunda ba zai yiwu in kwana ɗaki ɗaya da Hajiya da ƙanwata ba. Da na buga lissafi sai na ga kuɗin gidan na wata guda bai kai na mako biyu a otal ba, saboda haka na kama wani gida a unguwar Dokki, can ɓangaren Giza, ta wata manhajar hayar gidaje, mai ɗaki biyu da falo da kicin, a hawa na takwas.

Ba zan ɓoye ba, makon farko na yi ta yi wa kaina barka. Hajiya ba ta iya cin abincin waje, ful da ta'amiyya, wato waken Masar da ƙosansu, ma ko kallonsu ba ta yi, amma mun taho da garin tuwo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu, kuma kasuwar Sulaiman Gohar ba ta da nisa da mu, inda nake sayo tumatir da albasa da kaza kowace safiya. A daren da muka sauka ƙanwata ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka, Hajiya ta ci ta ƙoshi ta ce kamar tana ɗakinta. Wannan abu ne da otal ba zai taɓa ba ka ba, komai tsadarsa. A cikin wannan farin ciki na rubuta wa gidan yabo a manhajar na ba shi tauraro biyar, kuma a cikin farin cikin ne na amince da shawarar mai gidan, cewa sauran mako biyar ɗin mu daidaita tsakaninmu, in ba shi dala a hannu, mu huta da kuɗin da manhajar take cira. Ya rage mini wani abu, ni kuma na ba shi kuɗin ajiya wanda ya ce zai mayar ranar da za mu tashi.

Tun a makon farkon na lura ana ɗauke wuta na awa biyu kullum bayan azahar. A lokacin Masar tana fama da ƙarancin iskar gas ɗin da tashoshin wutarta suke amfani da ita, kuma tun bazarar 2023 gwamnati take raba ɗaukewar unguwa-unguwa bisa jadawali. Mutumin Kano ba ya ɗaukar rashin wuta na awa biyu a bakin komai, ni ma ban ɗauka ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a Kano ba a hawa na takwas muke kwana ba, kuma ruwanmu ba ya jiran injin da yake tura shi sama. A wannan benen, da zarar wuta ta tafi lifta ta tsaya, famfo ya ƙafe, esi ya mutu, ga zafin da yake haura digiri 40. Muka koyi tara ruwa a bokiti da tsara fitarmu yadda za mu dawo kafin lokacin, muka ci gaba da zama lafiya har aka yi aikin aka sallamo Hajiya.

Ranar da aka cire mata zare ce ba zan manta ba. A makon ƙarshe na Yuni ne, makon da aka ƙara ɗaukewar ta koma awa uku, har Firaminista Mustafa Madbuli ya fito ya ba jama'a haƙuri. Mun baro asibiti da lissafin cewa muna da sauran lokaci, amma muna sauka daga tasi na ga ƙofar benen da duhu, maigadi yana zaune yana fifita da kwali. Wuta ta tafi tun kafin lokacin da muka saba. Hajiya tana tsaye a kan ƙarfen dogarawa, ƙafarta a naɗe da bandeji daga cinya zuwa ƙwauri, maganin ciwonta kuma yana can sama a kan firji. Maigadin ya ba ta bencinsa, ƙanwata ta ɗora mata ƙafar a kan jakarmu, muka zauna jira. Bayan awa guda gumi ya jiƙe mata hijabi, ciwon ya taso, na ga tana jan carbi da sauri tana cije leɓe ba ta ce komai ba. Can ƙanwata ta matso ta ce mini a hankali, "Yaya, Hajiya tana buƙatar kewayawa, kuma ba za ta faɗa maka ba."

Na kira mai gidan sau shida bai ɗauka ba. Na buɗe manhajar in nemi taimako, sai na tuna cewa a wajensu zamana ya ƙare tun mako biyu da suka wuce, domin da hannuna na fitar da cinikin daga ƙarƙashinsu. A ƙarshe maigadin, wanda suke kira bawwab, ya shiga ɗakinsa ya fito da kujerar katako, ya kira ɗansa da wani saurayi mai gugar kaya a maƙwabta, muka ɗora Hajiya a kai mu huɗu muka fara hawa cikin duhu, ƙanwata tana gaba tana haska mana da waya. Matakalar ƙunci gare ta, a kowace kwana sai mun karkata kujerar, kuma duk karkatawa sai na ji Hajiya ta danƙe kafaɗata tana salati. A hawa na biyar diddigenta ya bugi ƙarfen matakala, ta yi ƙarar da ban taɓa jin ta yi ba tun da nake. Dattijon maigadin yana haki yana cewa "ma'alesh ya Hagga", wato "yi haƙuri Hajiya", har muka kai. Da muka ajiye ta a bakin ƙofa ta dube shi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a," shi bai ji Hausa ba amma ya amsa da amin.

Sai bayan isha'i mai gidan ya kira, ya ce ai wutar gwamnati ce, ba shi da iko a kanta. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce shi ya ɗauke ta ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, tun a saƙona na farko na rubuta masa cewa dattijuwa zan kawo za a yi mata aikin gwiwa, na tambaye shi ko akwai lifta, ya ce akwai kuma tana aiki. Ya san shekara guda ke nan ana ɗauke wuta a unguwar, ya san benen ba shi da janareta, ya yi shiru domin kada ciniki ya kuɓuce masa.

Washegari na kwashe su zuwa wani matsakaicin otal kusa da asibitin, da niyyar ba za mu sake taka gidan ba. A nan na ga abin da kuɗin otal yake saya. Wuta tana tafiya janareta yake tashi, lifta ba ta tsayawa, akwai keken marasa lafiya a ƙofa, kuma ko ƙarfe biyun dare ne ka ɗaga waya akwai wanda zai amsa. A gidan haya kai ne mai karɓar baƙi, kai ne mai gyara, kai ne mai zuwa sayen katin mita idan wuta ta ƙare. A kwana biyun farko na gama yanke hukunci cewa duk mai marar lafiya da ya kama gida ya yi ganganci. Amma zuwa kwana na huɗu Hajiya ta daina cin abinci in ban da shayi da gurasa, mai yi mata gashi ya ce ƙarfinta yana raguwa, ba a yarda a yi girki a ɗaki ba, wanki sai an biya a kan kowace riga, ga kuɗin ɗaki biyu yana zuba kamar ruwa alhali na riga na biya na gidan. Ita da kanta ta ce in mayar da ita inda za a dama mata kunu. Kwananmu biyar muka koma, muka roƙi mai gashin ya riƙa zuwa gida da safe, Hajiya kuwa ba ta ƙara sauka ƙasa ba sai ranar ganin likita, shi ma da sassafe.

Saboda haka ba zan ce gidan bai yi mana amfani ba. A falonsa ta koyi tafiya, daga kujera zuwa taga, daga taga zuwa kicin, kuma tuwon da aka tuƙa a cikinsa ne ya tayar da ita. Da a nan maganar ta tsaya da na ba shi tauraro uku na yafe sauran. Sai dai ranar da za mu tashi mai gidan ya zo ya zagaya, ya nuna wani tabo a jikin kujerar falo wanda muka tarar da shi, ya ce an sha wuta fiye da ƙima alhali ni nake sayen katin mita da kuɗina, ya riƙe fiye da rabin kuɗin ajiyar. Ba ni da takarda, ban ɗauki hoton gidan ranar da muka shiga ba, jirginmu kuma yana tashi a daren. Na karɓi abin da ya miƙo, na ƙara a kai na ba maigadin, wanda shi ne ya cancanci a biya.

Mun dawo Kano kwanaki kaɗan kafin a dakatar da ɗauke wutar a ranar 21 ga Yuli, don haka mai yiwuwa wanda ya shiga gidan bayanmu bai ga abin da muka gani ba. Amma har yanzu yabon nan nawa mai tauraro biyar yana nan a shafin gidan, na nemi in gyara shi abin ya gagara, kuma ina jin nauyin cewa wani zai karanta shi ya kai tsohuwarsa hawa na takwas. Likita ya ce gwiwar hagu ma sai an taɓa ta. Na riga na gaya wa wani ɗalibinmu a can cewa kwana goman farko bayan aiki a otal za mu yi, ƙanwata ta riƙa kawo abinci a kula, sannan ya nemo mana gida a hawa na ɗaya, ya je ya hau matakalar da ƙafarsa ya ƙirga mini su kafin in tura ko sisi.