Borin ko sabon bulok na Chana? Amsa ga mai AX100 ɗin Baba

Salam. Ɗan uwanmu da ya yi tambaya kan Suzuki AX100 na mahaifinsa, Allah ya jiƙan Baba, wanda ya shekara da shekaru jingine a zaure, ka ce kik ya yi laushi kuma in ya tashi sai ƙara kamar ana kaɗa cokali a gwangwani, bakanike ɗaya ya ce a kai bulok (gidan da fistin ke hawa da sauka a ciki) borin, wato a faɗaɗa raminsa a sa fistin mafi girma, wani kuma ya ce a yar da shi a sayi sabo na Chana mai zuwa da fistin da ringi a kwali ɗaya. Toh ni duka biyun na taɓa yi, ga abin da na gani.

Kafin ka kashe ko kwabo ka cire kan injin ka kankare baƙin da ya daskare a saman fistin. In ka ga STD, wato girman asali, ko babu lamba sam, ramin na nan a milimita 50 ɗinsa na asali. In 0.25 ko 0.50 ne an taɓa yi masa borin amma da sauran nama, wato sauran ƙarfen da za a iya ci. Manyan fistin ɗin yawanci daga 0.25 suke tafiya 0.50, 0.75 har 1.00, in ya riga ya kai na ƙarshen to ba sai mun yi gardama ba, sabon bulok kawai.

Borin shi ne zaɓina in da nama, dalili kuwa wannan mashin mai 2T (man injin da ke ƙonewa tare da fetur) ba shi da bawul, waɗannan tagogin da kake gani a jikin bulok su ne komai, fistin ne ke buɗe su yana rufewa, ta nan mai ke hawowa ta nan hayaƙi ke fita, kuma Japan sun zuba su daidai wa daida. Shi ya sa tsohon bulok in ya sha gyara mai kyau za ka ji yana ja tun daga ƙasa ba sai ka murɗe totur ba. Amma fa sai ka dace da mai borin. Ka sayi fistin tukuna ka kai masa tare, a kansa zai auna, tazarar tsakanin fistin da ramin wajen milimita 0.05 ce, gashin kanka ma ya fi ta kauri. Wanda duk ya ce ajiye bulok ka kawo fistin daga baya, ɗauki kayanka ka yi gaba. Sannan dole bayan borin a ɗan goge bakin tagogin nan a kashe musu kaifi. Ni nan aka cuce ni wlh, na karɓo aiki yana sheƙi ina ta murna, ko sati biyu ba a yi ba ringi ya maƙale a bakin tagar salansa ya karye, guntun ya ja layi tun daga sama har ƙasa, na koma 0.75 ina ji ina gani.

Na Chana kuma sauƙi ne, wannan ba a ƙwace masa ba. Jincheng da 'yan acaɓa suka yi yayi kafin Boxer ta kore shi ai kwafin AX100 ne, don haka kayan sun cika kasuwa kuma suna hawa, da safe ka saya kafin la'asar kana kan titi, ba jiran mai borin. Matsalar caca ce. Wani kwalin lafiya lau, wani in ka zura yatsa cikin taga za ka ji ɓurɓushin ƙarfe na zubi ba a share ba, ringin ma wani sa'in ba ya jimawa. In shi za ka saya ka sa ringi a ramin ka tura shi da fistin ya daidaita, bakinsa ya bar 'yar ƙofa kamar milimita 0.15 zuwa 0.35, in ya haɗe gam to in ya ɗau zafi zai kama. Wanda ke neman abin hawa zuwa gona ko kasuwa gobe-gobe, na Chana ya ishe shi. Kai kuwa mashin ɗin Baba ne.

Sai abin da bakanikan nan biyu ba su faɗa maka ba, kuma shi ya fi damuna. A injin nan fetur ta cikin gidan karanshaf yake bi kafin ya hau sama, oyil sil biyu, zoben da ke toshe gefe da gefen karanshaf, su ne ke riƙe da shi, roba ce kuma, ta yi shekaru a zaure ta bushe kamar ƙirgi. Na ɓangaren magineto in ya saki iska yake zuƙa, za ka ji totur na hawa da kansa, injin ya yi zafi ya cinye sabon fistin ko na wane ne. Na ɓangaren kuloci in ya saki man giya yake sha, hayaƙi fari fat, fulogi kullum a jiƙe. Tunda ka buɗe, kama kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, ka ja sama ka danna ƙasa, motsi gefe da gefe ba laifi, amma in ya yi ƙwas ko kaɗan a sama da ƙasa sai an raba injin an canza shi da boris.

Wajen haɗawa kibiyar kan fistin ta kalli salansa. A fitar da iskar famfon 2T, kuma tankin farko ka ɗan zuba 2T a fetur ɗin har ka ga mai na tafiya a siririn tiyon nan, baƙin man mota kar ya kusance shi. Tanki biyu uku na farko a lallaɓa, ban da goyo.

Turo hoton saman fistin ɗin bayan ka kankare mu ga lambar, kuma ko ka ƙare a na Chana ka shafe tsohon bulok da giris ka naɗe a leda, kar 'yan jari bola su gan shi.