Wata Uku a Gidan Motsa Jiki a Agege: Na Biya Kuɗin Gudu, Aka Miƙa Mini Ƙarfe

Na yi rajistar wata uku a wani gidan motsa jiki da ke ɓangarenmu na Agege, kuma ba zan kama sunansa ba, domin duk mai bin hanyar nan da sassafe ya san benen da nake nufi, ya kuma san abin da suke karɓa. Likita ne ya tura ni. Ya auna jinina ya ce ya fara hawa, ya duba sukari ya ce yana bakin iyaka, sannan ya dubi teɓar da ke gabana ya ce in fara da ita kafin a kai ga maganar ƙwayoyi. A lokacin shekaruna 44, nauyina kilo 98, aikina kuwa zama ne a shago a kasuwar Mile 12 daga safe zuwa la'asar, ban da sa'o'in da gosulo ke cinye mini a cikin danfo, waɗanda su ma zaman ne.

Abin da ya ja ni wurin shi ne na'urorin gudu guda huɗu da na gani a jere a bakin taga ranar da na je dubawa. Abin da na tashi da shi tun ina yaro shi ne mai son rage ƙiba gudu yake yi, ɗaga ƙarfe kuwa aikin samari ne masu neman faɗin ƙirji. Na tambayi yarinyar da ke karɓar kuɗi yadda suke yi idan an ɗauke wuta, ta ce in kwantar da hankalina, suna da janareta. A kan wannan magana na biya kuɗin wata uku a dunƙule, maimakon in gwada wata ɗaya tukuna kamar yadda uwargida ta ba ni shawara.

Makonni biyun farko na yi sa'a, wuta ba ta taɓa yankewa ina ciki ba. Ranar Talata ta mako na uku, bayan sallar asuba, na kai minti 12 a kan na'urar, na ɗan ƙara mata sauri har na fara haki, sai aka ɗauke wuta. Bel ɗin da ke ƙarƙashin ƙafata ya tsaya cak, jikina kuwa ya wuce gaba. Ƙirjina ya daki ƙarfen riƙo, gwiwata ta hagu ta gurje a gefen na'urar, na tsinci kaina a durƙushe cikin duhu ina lalube, wani dattijo da ke kan na'urar kusa da ni yana ta salati. Bayan kamar minti biyu janareta ya tashi, fitilu suka kama, kiɗan da ke cika mana kunne ya dawo da ƙarfinsa, amma allunan na'urorin huɗun nan suka ci gaba da zama baƙi ƙirin. Na tsaya ina jira, a zatona sai sun ɗan huce za su kama. Sai da mai share wurin ya ga tsayuwar ta yi tsawo ya matso ya raɗa mini cewa tun da mai ya yi tsada aka jingine babban janareta aka koma ƙarami, shi kuma ƙaramin fitila da fanka da kiɗa kawai yake ɗauka. Ashe duk tsofaffin masu zuwa sun san da haka, shi ya sa nake samun na'urorin babu layi.

Na sauka wurin manaja da jini a gwiwa. Ba faɗa ya kai ni ba, so nake a ce mini sannu, a kuma gaya mini yadda za a yi da kuɗin da na biya domin abin da ba kullum yake aiki ba. Sannun nan ban same ta ba. Ya miƙo mini auduga, ya gyara zama, ya fara yi mini lacca. Ya ce: "Alhaji, ai Allah ne ya taimake ka. Gudu ba ya ƙona kitse, tsoka yake cinyewa. Ƙarfe shi ne magani, domin idan ka gina tsoka, ko barci kake yi kitse yana narkewa." Mai wannan magana shi ne mutumin da ya jera na'urorin gudu a bakin taga don a hango su daga titi. Da a ce ya yarda gudu ba shi da amfani, da ƙarafan ya kamata ya jera a can. Har yau in na tuna yadda ya mayar da ƙarancin janaretansa ya zama nasiha gare ni, raina yana sake ɓaci, domin gurjewar gwiwa kwana goma ta yi ta warke, rainin wayon kuwa yana nan.

Da yamma na kira ɗan yayata da ke karatun gashin ƙashi a kwalejin likitanci ta Idi-Araba, na maimaita masa laccar kalma da kalma. Ya yi dariya ya ce: "Kawu, akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wuce cikin cokali ba." Ya bayyana mini cewa tsoka tana cin kuzari ko da mutum yana hutawa, wannan haka yake, sai dai kilo ɗaya na tsoka kalori (wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) wajen 13 kawai yake ƙonawa a yini guda. Mutum irina in ya dage wata da watanni ya ƙara kilo biyu na tsoka, ribar da zai samu yana barci ba ta wuce ƙwayar sukari biyu ba, ni kuwa huɗu nake sa mai shayi ya jefa mini a kofi ɗaya. Ya kuma kawo mini wani bincike da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka, wanda aka wallafa a 2012, inda aka bi mutum 119 masu ƙiba tsawon wata takwas, wasu suna gudu da makamantansa, wasu suna ɗaga ƙarfe, wasu kuma suna haɗa biyun. Masu gudu sun fi masu ƙarfe zalla zubar da nauyi da kitse, masu ƙarfe sun ƙara tsoka amma nauyinsu bai sauka ba, waɗanda suka haɗa kuma sun zubar da kitse sun ƙara tsoka, sai dai lokacin da suka kashe ya ninka. Ke nan abin da manaja ya faɗa game da gudu ya saɓa wa abin da aka gani.

Bai bar ni ma na tsira ba. Ya ce kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, mai nauyina kuma idan ya yi tafiya mai sauri ta minti 30 abin da zai ƙona 200 ne da 'yan kai, ba 400 ɗin da allon na'urar ke nuna mini ina murna ba, domin irin waɗannan alluna sun saba yin ƙari. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana mayar da 200 ɗin nan kusan cif, kuma ni biyu nake sha a shago idan rana ta take. Na yi lissafi a zuciyata na ga sai na hau na'urar sau talatin da wani abu kafin kilo guda ya tafi, in har ban taɓa abin da nake ci ba. Shawararsa ita ce wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga manya: minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, irin wanda ke sa numfashi ya ɗaga, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Amfanin ƙarfe ga mai rage abinci, in ji shi, shi ne ya riƙe masa tsoka, don abin da zai zube ya zama kitse ne mafi yawa, kada mutum ya rame ya koma kamar wanda ya tashi daga jinya.

Tunda kuɗi ya riga ya shiga hannunsu, na koma, ina ƙunƙuni, na miƙa kaina ga kocin da ke kula da ɓangaren ƙarfe. A nan dole in yi adalci. Yaron nan haifaffen Agege ne, Hausarsa da ɗan gishirin Yarbanci a ciki, kuma shi kaɗai ne abin da ya cancanci kuɗina a benen nan. Da sanda tsirara mai kilo 20 ya fara da ni, ya koya mini tsuguno da ita a kafaɗa, da ɗago ƙarfe daga ƙasa ba tare da na lanƙwasa baya ba, yana tsaye a bayana yana ƙirga mini. Makon farko cinyoyina sun yi tsami har tashi daga zaman tahiya sai da na riƙa dafa ƙasa da hannu biyu, yara suna kallona a sahu. Da na roƙe shi ya ba ni atisayen ciki don teɓar ta yi saurin tafiya, ya ce: "Ranka ya daɗe, ko sau ɗari ka naɗe cikin nan, kitse ba ya zaɓar inda zai fara barin jiki. Tsokar da ke ƙarƙashi za ta yi ƙarfi, amma bargon da ke samanta sai jiki duka ya sauka." Da zai yi mini ƙarya irin ta ubangidansa da na yarda, amma bai yi ba.

Tafiyar kuwa na mayar da ita titi, inda ba a ɗauke wuta. Kwana biyar a mako, daga masallaci nake miƙewa har gadar Pen Cinema in dawo, kafin hayaƙin motoci ya cika gari, wajen minti 40 ke nan. Na daina lemo a shago, na koma ƙwayar sukari ɗaya a shayi, burodin Agege da nake gamawa da shi ni kaɗai na raba shi biyu, tuwon dare kuma na rage malmala guda.

Duk da haka sikeli ya riƙa ba ni haushi, domin a mako na tara kilo uku da rabi kawai ya sauka, har na fara cewa wahalar banza nake yi. Telana ne ya ba ni mamaki. Na kai masa shadda, ya zagaya mini tef a ƙugu, ya duba tsohon littafinsa, ya sake zagayawa, sannan ya cire tabarau ya ce: "Alhaji, lafiya kuwa? Ko ciwo ka yi ba mu ji ba?" Awon bara inci 44 ne, na ranar kuwa 41. Kafaɗa ba ta ragu ba, ya ce ma sai ya ɗan sake mata. Na fito daga shagon nan ina jin kamar in je in ba manaja hannu, domin ba don janaretansa ya gaza ba, da har yanzu ina kan bel ina kallon lambar ƙarya, ban taɓa sanda ba. Gadar masu tafiya da ƙafa da nake hawa ina riƙe ƙarfe ina hutawa a tsakiya, yanzu a tashi ɗaya nake haye ta.

Wannan yafiya ba ta yi mako biyu ba. Da wa'adina ya kusa, manajan ya kira ni ofis ya ɗora ni a kan wani sikeli mai hannaye biyu, wanda ya ce yana auna kitse, ya nuna mini lamba ya ce ƙarfe ya yi aiki amma kitsen da ya rage ba zai tafi ba sai da wani garin gina tsoka da suke sayarwa, a haɗa da sabuwar rajistar wata shida. Washegari da asuba, kafin ya iso, na sa kocin ya sake ɗora ni a kan sikelin, lambar ta bambanta da ta jiya da kusan maki uku. Dare ɗaya ba ya narkar da kitse haka. Irin wannan sikeli wutar lantarki mai rauni yake turawa cikin jiki ya yi ƙiyasi, don haka ruwan da mutum ya sha, da zufar da ya yi, da abincin da ke cikinsa duk suna juya sakamakon. Da wannan abin ake tsorata mutane su sayi gari, alhali ƙwai da wake da kifi da nama suna nan a kasuwar da nake wuni a cikinta.

Sai duk tsofaffin abubuwan suka dawo mini. Na riƙa rubutawa a bayan rasit: cikin zuwa 27 da na yi bayan faɗuwata, sau 9 kawai na tarar da na'urorin gudu suna aiki, kuma ko a ranakun ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da takardar "ana gyara" wadda ta fara yin ja don daɗewa. Har yau ba a manna ko 'yar sanarwa da ke gargaɗin cewa bel yana tsayawa idan wuta ta tafi ba, kuma ina ganin sababbin zuwa, har da mata masu shekaru, suna hawa da sauri kamar yadda na hau. Wanda ƙarfe yake so ya koya, ya je ya biya wata ɗaya, ya nemi yaron nan, zai amfana. Wanda kuma gudu ya kai shi, kada ya tambayi yarinyar ko akwai janareta, ya ce a kashe wuta a tayar da shi, a kunna na'urar a gabansa.

Rajistata za ta ƙare ranar Juma'a. Na nemi a ƙara mini mako biyu a madadin ranakun da na biya na tarar da na'urori a mace, manaja ya ce sai mai wurin ya shigo. Sau huɗu ke nan ina tambaya, kullum amsar ita ce oga bai shigo ba.