Tsakanin "swim" da "float": kalmomi biyu na Turanci a kan ruwa

Duk kalmomin biyu sun fito ne daga Tsohon Turanci, harshen da aka yi magana da shi a Ingila kafin mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa ƙasar a 1066, amma kowacce da hanyar da ta bi. "Swim" ta samo asali daga "swimman", kuma a wancan zamani tana nufin iyo, tana kuma nufin tsayawar abu a saman ruwa ba tare da ya nitse ba. Jamusanci ya riƙe ma'anonin biyu har yau, domin Bajamushe da kalmar "schwimmen" yake bayyana ninƙayar mutum da kuma katakon da ruwa ya ɗauka. Turanci kuwa ya taƙaita ta ga mai rai da ke motsa gaɓoɓinsa, ya kuma bar mata tsohon sauyin wasali na nuna aikin da ya wuce: "swam", "swum".

"Float", wato tsayawa a saman ruwa, ta fito daga "flotian", kuma a ganina tarihinta ya fi armashi, saboda danginta suna da yawa. Saiwarta ɗaya da "flow" (gudana) da "flood" (ambaliya) da "fleet" (ayarin jiragen ruwa), har ma titin Fleet na birnin Landan ya ɗauki sunansa daga wani rafi mai suna Fleet da yanzu yake gudana a ƙarƙashin ƙasa. Ita "float" ba ta buƙatar ƙoƙari: ƙwarya da gawa duk suna yinta. Wannan rashin riƙo ne ya kai ta fagen kuɗi, shi ya sa jaridun Turanci suka yi amfani da ita a watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke darajar naira.